Sunan Mai Gurasa

Gurasar ta saki jikin tanderu ta faɗa cikin garwashi. Haulatu ta sa sanda ta tsamo ta, ta kakkaɓe tokar, ta ajiye a gefen faifai. Ita ce ta uku da maigidanta ya liƙa tun da hantsi, ita ce kuma ta uku da ta faɗi. Shi ko yana zaune a kan kifaffen turmi yana hura gashin hannunsa da ya babbake, yana cewa ai ba laifinsa ba ne, tanderun ne ya tsufa.

"Tanderun ga bai taɓa yada mani ko guda ba, Malam," in ji ta. "Baƙon hannu ya ji."

Ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsuro kwaɓin, ta shimfiɗa shi a tafinta, ta zura hannu har kafaɗa ta manna, duk kafin ya gama gyara zama. Shekara talatin da uku ke nan tana wannan aiki a bayan ɗakinta, shi kuma yana ɗaukar abin da ta gasa ya kai tashar Kankiya ya sayar. Amma sai yau ya taɓa zama ya ga yadda ake yi. Gari duk da Mai Gurasa ya san shi, alhali bai taɓa gasa ko ɗaya ta ciwu ba.

Ciwo ne ya zaunar da shi. Wata biyu da suka wuce ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa gagararsa in ya kwanta. Aka sa shi a motar haya zuwa asibiti a Katsina, ya dawo da ƙwayoyi a ambulan da dokar likita: ba ɗaukar kaya, ba gishiri. Abin da likitan ya gaya masa bayan wannan bai faɗa wa kowa ba. Sai dai wata rana Haulatu na neman allura a akwatinsa ta tarar da sabon farin alawayyo irin na likkafani a ninke, can ƙarƙashin rigar sallarsa. Ta mayar da shi yadda ta same shi, ta rufe akwatin. Tun daga ranar ya san ta gani, ita ma ta san ya sani, ba wanda ya tayar da maganar.

To, namijin da ya saba da kasuwa in ya zauna gida, matar gidan ta shiga uku. Ya ƙirga kajinta, ya gyara mata igiyar shanya da ba abin da ya same ta, ya ba ta shawara a kan miyar da take yi tun kafin Turawa su tafi. Yau kuma ya tashi da cewa gasa gurasa zai koya. Ta ƙyale shi, don ta lura in hannunsa na aiki yakan manta da ƙirjinsa.

Tana cikin kwashe na ƙarshe ya kira ta. "Ta Kaikai." Haka yake ce mata in yana neman tsokana, don daga Kaikai ta ƙasar Kusada aka kawo ta. Sai dai yau muryar ba ta tsokana ba ce. "Kin san tun da Gajere ya rasu ba wanda ya ƙara kiran sunana?"

Gajere tela ne, abokinsa tun suna yara suna kiwon jakai, da daminar bana aka binne shi. Mai Gurasa ya shiga lissafa mata da yatsu: iyayensa sun tafi, yayyensa sun tafi, 'yarsu Lami da ke aure a Kusada Baba take cewa, liman Malam yake cewa, direbobi da yaran tasha kuwa Mai Gurasa. Ya ce jiya da dare ya kasa barci, ya riƙa faɗin sunan a ransa, sai ya ji kamar na wani ne.

"Ina son in ji shi ga bakinki," ya ce. "Sau guda. Ba ni neman na biyu."

Saura kaɗan Haulatu ta saki gurasar da ke hannunta. Wanda bai san matan wancan zamani ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne, harafi nawa ne. Amma ita a gidan da ta tashi, mace ta kama sunan mijinta kamar ta fita tsakar kasuwa ba ɗankwali ne. Ba ta taɓa jin uwarta ta faɗi na ubanta ba, haka kakarta. Ita kanta akwai ɗan maƙwabta mai irin sunan, shekara goma tana aikensa, ba ta taɓa ce masa komai ba sai "mai sunan Malam". Ba don ba ta ƙaunarsa ba. A wurinta ƙaunar ke nan, a ɗauke sunan a ajiye inda baki ba zai taɓa shi ba.

"Malam, tsufa ne ko ciwo?" ta ce, kanta a ƙasa.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce to tunda ta ƙi, sai ta biya tara: yau bayan isha'i za ta raka shi tasha, su ci tsire, ta ga inda gurasarta ke zuwa. Haulatu ta auna biyun, ta ga fita ta fi sauƙi, ta ce to.

Katangar da ke tsakaninsu da Zinariya ba ta kai kafaɗa ba, kunnen Zinariya kuma ya fi katangar tsawo. Gwauruwa ce, mijinta ya rasu shekara bakwai, ita ke kai wa masu tsire gurasar tun da ciwon ya kama Mai Gurasa. Da ta shigo ɗaukar kwando ta bi Haulatu har madafi tana dariya ƙasa-ƙasa, tana cewa amarya da ango za a fita shan iska, ko ta kawo lalle. Haulatu ta ce ta rufa mata asiri. Zinariya ta ɗora gammo, ta ɗauki kwandon, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tsaya. Dariyar ta riga ta bar fuskarta.

"Ki hwaɗa mashi, Haulatu. Ni ban taɓa hwaɗin na nawa ba sai da ya zamana babu mai jin shi."

Maganar ta zauna mata a ƙirji wunin nan duka. Bayan la'asar, da ya samu barci ya ɗauke shi a zaune, ta zagaya bayan ɗaki, ta durƙusa gaban tanderun da ya huce kamar mai kwashe toka, ta gwada. Leɓɓanta suka haɗu, suka buɗe, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa, kunya ta rufe ta ita kaɗai, ba kowa a wurin sai kaza. Ta ji haushin kanta, ta ji haushinsa da ya ɗora mata wannan kaya da tsufanta, sannan ta ji tsoro, don ta san ba shi da lokacin jira. Sabo dai turken wawa ne. Ta kwashe tokar ta tashi.

Bayan isha'i ya fito cikin rigar salla da hula, yana ƙamshin turaren da ya rage masa tun bikin Lami. Ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi, sai ya sa tsohon silifa ya ɗauki sanda. Ita ta yafa mayafinta mai kauri ta biyo shi da tazarar taku goma, kamar wadda ba ta san shi ba. Ba wai ba ta taɓa fita ba ne. Ta san Kankiya ta lunguna: gidan biki, gidan suna, gidan gaisuwa, duk ta baya ake bi. Bakin kwalta kuwa rabonta da shi tun ranar da aka kawo ta a kan jaki, ranar kuma fuskarta a lulluɓe take.

Duk taku ashirin sai ya tsaya, wai zai nuna mata wani abu. Ga injin da ake niƙa mata alkama. Ga rijiyar da akuyar liman ta faɗa aka wuni ana ciro ta. Ta gane numfashi yake nema, sai ta riƙa tsayawa tana kallon duk abin da ya nuna da kyau, har da tambaya, don ya samu ya huta ba tare da an ce ya huta ba.

Da suka ɓullo tasha ta ja ta tsaya. Ji dai take ana cewa kuɗi sun shigo ƙasa, an haƙo mai a kudu, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, amma gani ya kori ji. Gidan mai na can yana walƙiya da ƙwayayen lantarki, inji na kuka a bayansa. Manyan motoci sun jeru, wasu sun fito Kano za su Katsina da Jibiya, wasu sun juyo. Samari a kan sababbin babura, kowa da rediyo a rataye, kowace rediyo da abin da take faɗi. Masu shayi, masu rake, masu ƙosai, fitilu kamar an watsa gero. Ta matso kusa da shi ba ta sani ba, tazarar nan ta taku goma ta koma taku biyu.

"Baba Mai Gurasa!" Kiran ya taso ta ko'ina. Masu lodi suka zo suna durƙusawa, ana ya jiki, ana an ga sauƙi. Yana amsawa yana washe baki, ya miƙe ƙirji kamar ba shi ba. Haulatu ta ga mutumin da ba ta sani ba, mai raha, mai ba kowa amsa daidai da shi. Ashe wanda ke dawo mata da magariba a gajiye ragowar wannan ne.

Sada mai tsire, wanda shekara ashirin yana sayen gurasarta bai taɓa ganin ta ba, da aka ce masa ga mai tanderun sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya goge benci da hularsa, ya ja shi bayan tukuba inda ba haske sosai, ya zaɓo tsire masu kitse. Ya ɗauki gurasa biyu ya yayyafa musu ruwa, ya ɗora a gefen wuta suka yi taushi, ya shafa mai, ya barbaɗa garin ƙuli da yaji da albasa. Haulatu ta yi ƙasa da murya ta tuna wa maigidan dokar gishiri. Ya ce likita na Katsina, nan kuwa Kankiya ce.

Wata sabuwa kuma, a takarda ɗaya Sada ya zubo musu. Shekara talatin da uku ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Takan kai masa nasa, ta koma madafi ta ci nata. Ta juya masa rabin baya, ta gutsuri kaɗan ta tura ƙarƙashin mayafi. Sai ta tsaya da tauna. Ita da zafinta take ɗanɗanawa, ko da sanyinta in ta kwana, ba ta taɓa sanin haka gurasarta take ba in ta haɗu da hayaƙin nama da ƙuli. Ta ƙara gutsura, wannan karon babba.

Can wani direba mai ƙaton tumbi ya tsaya a gaban tukubar, ya ce a ba shi gurasa huɗu. Yana ci a tsaye yana gaya wa Sada cewa shi mutumin Kano ne, garin gurasa, amma tun daga Bichi yake ɗaure cikinsa saboda ta Kankiya. Ya ce ko wace ce ke gasa ta, Allah ya ji ƙan iyayenta. Haulatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Mai Gurasa ya leƙo ya ga dariya take, har da hawaye. Daɗi ya kama shi fiye da ita.

"To, yanzu hwa?" ya ce a hankali.

Ta san abin da yake nufi. "Ga mutane, Malam."

Bai ja ba. Ya suɗe yatsunsa, ya sa hannu aljihu, Sada ya rantse ba zai karɓa ba. Suka tashi.

Maimakon ya nufi gida sai ya miƙe gefen kwalta. Dare ya fara nisa, masu shayi na kife kofuna. Ya kai ta gindin wani durumi, ya kama hannunta ta cikin mayafi ya ɗora a jikin itacen, ta ji wata ƙusa da ɓawo ya kusa haɗiyewa. Nan yake rataye faifansa, nan ya tsaya rani da damina. Daga nan ya nuna mata filin makaranta, ya ba ta labarin ranar da aka karɓi mulkin kai, yadda aka raba wa yara tutoci suka yi ta tsalle, shi kuma kafin azahar kwandonsa ya ƙare, ya komo gida da gudu ya ce ta sake kwaɓi. Ta ce ta tuna, ranar ce ta ƙone a gwiwar hannu, ba ta ma san dalilin gaggawar ba sai bayan kwana biyu. Ya ba ta labarin ranar canjin hannu, wato da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, da gari duk ya fito bakin titi tun asuba a ga yadda motoci za su yi ta karo, aka wuni ba a ga komai ba, mutane suka watse da jin haushi. Duk ya taɓa ba ta waɗannan labarai a gida. Amma yau da take tsaye a wuraren, sai ta ji kamar an mayar mata da wasu shekaru da ba ta san ta yi asararsu ba.

Suka bar hasken tasha a baya. Ya tsaya gaban wani ƙaramin shago da kwaɗo a ƙofarsa, ya ce nan ne shagon Gajere. Daga nan, in ji shi, Gajere kan ɗago kai daga keken ɗinki ya ƙwala masa kira har gindin durumin can, yana jan sunan kamar mai kiran saniya har ba a gane abin da yake faɗi, duk tasha ana dariya. Ya zauna a dakalin shagon, ya jingina sandarsa.

"Nan ba mutane, Haulatu."

Ta duba gabas ta duba yamma, gaskiya ne, ba kowa. Ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya nan.

"Bari mu koma gida," ta ce. "In mun shiga ɗaki, na yi maka alkawari."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ba fushi a fuskarsa. Wannan ya fi yi mata ciwo, da ma faɗa ya yi. Ya dafa sanda zai miƙe, sai ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa, sandar ta zame ta faɗi. Numfashinsa ya canza, ya zama gajere mai ƙara, kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Ta tallabe shi ta jingina da ƙofar shagon tana Malam, Malam, kansa ya langaɓe.

Ba ta san hanyar gida daga nan ba, ba ta san ko gidan wa ke kusa ba. Ta hango wata fitila can gaba a ƙofar wani gini mai farin fenti, ta tattare zani ta ruga, ita da rabonta da gudu tun tana budurwa. Allah ya taimake ta, asibitin sha-ka-tafi ne. Mai gadin, wani dogon dattijo da ake kira Hamma, ya biyo ta ba tambaya. Da ya haska fuskar ya ce, "Subhanallahi, Mai Gurasa ne." Ya goya shi kamar yaro, ita tana riƙe da ƙafafun.

Hamma ya buga wa malamin asibiti ƙofa a gidansa da ke baya. Saurayi ne daga wajen Zariya, sati uku ke nan da kawo shi garin. Ya fito da singileti, bai ɓata lokaci ba: ya sa aka jingina marar lafiya da matasai, ya saurari ƙirjinsa, ya yi masa allura. Numfashin ya ɗan sassauta, amma idanun na rufe. Malamin ya dubi Hamma, ya ɗan girgiza kai. Haulatu ta gani. Ya ce mata da asuba za a nemi mota zuwa Katsina, in Allah ya kai mu, kuma dole a tafi da kati. Ya jawo fitila, ya ɗauki alƙalami.

"Inna, sunansa?"

Ta dubi Hamma, yadda mata kan yi, don ya faɗa a madadinta.

"Mai Gurasa," in ji Hamma.

Malamin ya ce wannan sana'arsa ce, sunan yanka yake so. Hamma ya sosa ƙeya. Ya ce shekara ashirin da biyar yana sayen gurasa a hannun bawan Allahn nan, sun yi sahu ɗaya a masallaci ba adadi, amma wallahi bai taɓa ji ba. Ya yi tayin zuwa tasha ya tambayo Sada, sannan ya ce anya ma Sada ya sani.

Sai a lokacin abin ya sauka a kan Haulatu da nauyinsa. Da hantsi ta ɗauka rigimar marar lafiya ce. Ashe gaskiya ya faɗa. Garin da ya tashi yana yi masa kirari ɗazu, ba mai riƙe da sunansa ko ɗaya. Ita kaɗai ta rage, ita kuma ta kulle shi ta hana kowa, har da mai shi. Tausayinsa ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta ga alawayyon.

Ta motsa baki. Malamin ya matso da kunne ya ce bai ji ba, ta ɗan ɗaga murya. Ta juya daga gare shi, ta fuskanci gadon, ta sauke mayafin daga bakinta.

"Mamuda."

Muryar ta fito a shaƙe, amma ta cika ɗakin.

"Na'am," aka amsa daga kan gado.

Idanunsa a buɗe suke, kaɗan. Gefen bakinsa ya motsa. "Ashe kin sani," ya ce.

Hamma ya kau da kai ya shiga gyaran lagwanin fitilar da ba abin da ya same ta. Malamin ya rubuta, sannan, da yake shi aikinsa yake yi, ya tambayi sunan mahaifi. Haulatu ta yi tsuru, don sunan suruki ya ma fi na miji nauyi. Mamuda ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo.

"Lawal," ya ce. "Wanga na hutasshe ki."

Ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙi ba. Sau ɗaya ya ce yana son ji, kuma bai nemi na biyu ba, amma ita ce yanzu ta kasa dainawa. Takan ɗan jima ta sunkuya ta faɗa, a hankali, ba don tana da abin da za ta gaya masa ba. Da farko yana amsawa da baki, daga baya da yatsa a bayan hannunta. Da dare ya raba sosai Hamma ya matso ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa suka bi. Kafin kiran assalatu yatsan ya daina motsi.

Malamin ya sake saurarawa, ya daɗe, sannan ya miƙe ya yi salati. Hamma ya shafe masa idanu, ya ja bargo, ya ce bari ya je ya tayar da liman da mutanen unguwa, a kuma samu mai babur ya tafi Kusada ya gaya wa Lami. Ya tambaye ta kwatancen gidanta, ta ce ya tambayi gidan Zinariya, katangarsu ɗaya.

Ta fito ta zauna a bencin baranda. Kukan bai zo ba tukuna, ta san yana nan tafe, sai mata sun cika gidan. Malamin ya fito da katin a hannu yana jujjuya shi. Ya ce yanzu ba sauran amfaninsa, ya yi kamar zai mayar ciki, sai ta miƙa hannu biyu. Ya ba ta. Ta kai shi kusa da fitila ta dudduba. Ba ta yi boko ba, duk zanen iri ɗaya ne a idonta.

"Ɗana, wane ne nashi a ciki?"

Ya sunkuya ya nuna mata layin farko, daga nan zuwa nan. Ta ɗora babban yatsanta a wurin. Can bakin kwalta motar farko ta tashi ta nufi Katsina, ladan ya fara gyaran murya, ita kuwa tana zaune da katin a cinya, ba ta ɗaga yatsan ba har gari ya waye.